Sabo turken wawa: magana ga 'ya'yanmu masu farar riga

Daren Talata ban runtsa ba, kuma ba sauron Agege ne ya hana ni barci ba. Abin da idona ya gane mini da la'asar ne ya tsaya mini a maƙoshi.

Jikan maƙwabciyata, yaro ɗan shekara huɗu, aka kwantar a wani ƙaramin asibitin kuɗi nan kusa da mu. Zazzaɓin cizon sauro ya kada shi, ga amai, ga shi tun safe bai yi fitsarin kirki ba. Na je dubiya. Ina zaune bakin gado ina yi masa fifita, sai ga wata yarinya ta shigo cikin farar rigar nas tas, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, sirinji biyu a hannu guda, an riga an zuƙi magani, babu wanda aka manna wa suna. Da na ji tana Hausa a wayar har raina ya yi fari, na ce ga tamu. Ta ɗaga murya ta ce, "Ina Muhammad?" Uwar yaron ta ce ga shi. Ta kama hannunsa ta buɗe bakin kanula, 'yar robar da ake saka wa jijiya don ɗura magani.

Na ce, "'Yata, dakata. Wane magani ne wannan?"

Ta ce, "Allurarsa ce, Mama."

Na ce, "Na ga allura ce. Sunanta nake tambaya, da nawa likita ya rubuta, da nauyin yaron."

Ta sauke wayar, ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake wa tsohuwa mai shisshigi. Ta ce, "Mama, kar ki damu, ai na saba."

Na matsa mata sai da ta ɗauko katin. Ashe Muhammad biyu ne a ɗakin. Ɗayan yana gadon bakin taga, shekararsa goma sha ɗaya, ya ninka namu nauyi har da ɗoriya, kuma shi aka rubuta wa jentamisin. Namu ko sunan maganin babu a katinsa. Wanda ya san aikin nan ya san abin da nake nufi. Jentamisin da nauyin jiki ake auna shi, ta ƙoda yake fita, in ya yi yawa ƙodar yake fara ci, sannan ya taɓa kunne, kuma kurumtar da yake sawa ba ta warkewa. Saboda wannan ɓarnar ce NAFDAC ta haramta mai ƙarfin miligiram 280 a ƙasar nan. Jentamisin ɗin wancan Muhammad za a ɗura wa yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ƙafe. Da an yi, da yau ana cewa zazzaɓi ne ya taɓa masa kunne, a ce ƙaddara, a shafa fatiha.

Yarinyar ba ta ce a yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Au, ashe," ta wuce gadon taga.

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya a garin nan kafin na ajiye. Ba na cikin masu ƙin ganin yara sun taso. Lokacin da na fara, sai ka zagaye asibiti kaf ba ka sami nas Bahaushiya ko guda ba. Mace za ta zo daga Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba, ba Turanci ba Yarbanci, tana nuna ciki da hannu ana ta yi mata tsawa, sai a aika a nemo ni daga wani sashen in yi tafinta. Yau 'ya'yanmu mata da maza sun cika makarantun jinya, wallahi ina alfahari da ku. Saboda haka ne ma abin yake mini zafi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wannan kalma ta "na saba" ita nake so ku tofar. Sabo turken wawa ne. Hannu yana sabawa, ido ya daina gani. Kin ɗauki kwalba ɗari daga wuri guda, ta ɗari da ɗaya wani ya sauya mata mazauni, ke kuma kin daina karantawa tun ta ashirin. Kwalaben allura kusan duk tsawonsu ɗaya, rubutunsu ƙanana, wani kamfanin ma launi ɗaya yake wa magani uku. Kama da wane ba wane ba ce.

Bari in tona wa kaina asiri, kada ku ce tsohuwa ta manta ƙuruciyarta. Ina shekara ta biyu a aiki, cikin dare, ido ya yi nauyi, na miƙa hannu na ɗauko abin da nake zaton ruwan haɗa allura ne. Har na fasa bakin kwalbar, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Metron ɗinmu ce, wata Bayarabiya gajeruwa wadda ba a jin takunta. Ta ce in karanta da ƙarfi. Na karanta: fotashiyam kuloraid. Gwiwoyina suka saki. Wannan ruwan in ya shiga jijiya kai tsaye ba a sirka shi ba, zuciya tsayawa take yi nan take, kafin ki zare allurar an gama. Sai an zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa, an girgiza sosai, ya riƙa ɗiga a hankali. Matar nan ba ta zage ni ba. Wata guda cur ta sa duk maganin da zan taɓa sai na karanta sunansa da ƙarfi sau uku: lokacin da na ɗauko, lokacin da nake zuƙa, da lokacin da zan ajiye kwalbar. Majiyyata suna ta yi mini dariya. Har gobe ko farasitamol zan sha a ɗakina sai bakina ya motsa.

To ku wa ke damƙe muku hannu? Babbar da za ta damƙe tana Ingila, wata tana Saudiyya, wadda ta rage ita kaɗai ce a kan gado talatin. Ban ga laifin mai neman halalinsa ba, albashin nan kowa ya san ba ya kai wata, ga kuɗin haya a Legas, ga awa biyu cikin danfo kafin ka iso wurin aiki. Amma gajiya daban, ganganci daban. Yarinyar nan ba gajiya ce ta hana ta duba kati ba, hira take yi a kan ankon biki. Da kunnena na ji.

Wayar nan kuwa, Allah ya isa tsakaninmu da ita. An sa farar riga ana rawa a TikTok, gadon majiyyaci na bayanki. Ga farce zaƙo-zaƙo an shafa masa launi, ban san yadda ake sa safar hannu da shi ba, balle a wanke abin da ke ƙarƙashinsa. Wayar da za ki buɗe ki duba adadin magani cikin minti ɗaya, abin da mu sai mun je ofishin metron mun roƙi littafi, ita ce ta zama abin shagala.

Ku dubi ɗakin haihuwa, inda "na saba" ya fi kisa. Mace mai jijjiga an ɗora ta a kan magnesiyam salfet. An ba ta giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu. Kowa ya haddace wannan don cin jarrabawa. Amma kafin kowace allura ta gaba akwai abu uku da ake dubawa: a buga gwiwa a ga ƙafa ta harba, a ƙirga numfashi, a auna fitsari a ga bai gaza mililita 30 a awa ba. In gwiwa ta yi shiru, maganin ya fara taruwa a jiki ke nan, abin da zai biyo baya numfashi ne zai tsaya. Makarin maganin kalsiyam gulukonet, kuma wajibi ne ya kasance kusa da hannu. Nawa ne cikinku suke buga gwiwar nan ƙarfe uku na dare? Nawa ne suka san inda makarin yake a ɗakinsu? Agogo ya cika, a soka, a rubuta, a koma kujera. An saba.

Oksitosin kuma, allurar da ke tsuke mahaifa bayan haihuwa, sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na sha ganin sa cikin aljihun riga ko a kan tire bakin taga, cikin zafin Legas, ko a firjin da rabonsa da wuta tun jiya. Mace ta haihu jini ya ɓalle, a yi mata allura, mahaifa ta ƙi tsukewa, a ce jikinta ne ba ya jin magani. Kallon kitse ake wa rogo, ruwa ne kawai ya rage a kwalbar.

Insulin fa? Akwai mai ƙarfin 40 a mililita, akwai mai 100, kowanne da sirinjinsa. Ki zuƙi mai 100 da sirinjin mai 40, kin ba mutum ninki biyu da rabi. Tsoho ya yi gumi ya sume cikin dare, a ce ciwon suga ne ya yi ajalinsa. Ɗigo ɗaya tsakanin 0.5 da 5 ninki goma ne. Likitoci ma ba zan ƙyale su ba, wasu rubutunsu kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Amma in ba ki iya karantawa ba, ki tashi ki same shi ki tambaya, ko zai harare ki. Matambayi ba ya ɓata. Canke a kan ran mutum ba wayo ba ne. Shi ya rubuta, amma hannunki ne na ƙarshe, kuma in Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta zauna, lasisinki za a ɗora a tebur.

Seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta da kowa ke bugawa yanzu kamar ruwan sha, ba a haɗa shi da ruwan da ke da kalsiyam irin Ringa, musamman ga jarirai. Wanda aka dama da lidoken don tsoka ba ya shiga jijiya. Fenisilin ba a ba wa mutum sai an tambaye shi ko ya taɓa kumbura ko ƙaiƙayi bayan shan magani, kuma adrenalin yana kusa. Diklofenak da ake soka wa duk wanda ya ce wash, a tambayi mutum ko yana da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mace tana da tsohon ciki, wannan ya zama tsohon yayi. Duk an koya muku. Kun rubuta a jarrabawa kun ci. Daga an karɓi takarda sai a naɗe ilimin a tura ƙarƙashin katifa.

Mutanenmu kuma ba sa zuwa asibiti da ciki wayam. Kafin ɗan acaba ko mai tura baro a kasuwa ya iso gabanki, ya riga ya biya wurin mai kemis an yi masa haɗi, ƙwaya biyar kala-kala a ƙullin leda, ba suna ba adadi. Wani ya ɗora da tiramadol don ya jure aiki, wani da jiƙo. Tun 2018 aka hana maganin tari mai kodin, amma ku da kanku kun san abin da ke yawo a lungunan unguwanninmu. Uwa ta ba yaro farasitamol, ta ƙara masa maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, da cokalin cin tuwo, ke kuma ki zo ki ƙara na uku ba tambaya. Yaro miligiram 15 ne a kowane kilo a sha ɗaya, babba kada ya wuce giram 4 a yini, abin da ya haura hanta ke biya. Ke da kike jin harshensu, ke ce za su gaya wa gaskiyar abin da suka sha in kin zauna kin tambaya da mutunci. In ba ki tambaya ba, me Hausarki ta amfana musu?

Wasunku suna goye lokacin da maganin haƙori na My Pikin, wanda aka haɗa a nan Legas, ya kashe yara 84 daga ƙarshen 2008. Guba aka samu a ciki, ta lalata musu ƙoda. Mu da muka ga iyaye mata suna birgima a ƙofar asibiti, tun daga nan ba ma taɓa kwalba sai mun juya ta mun ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami kan cutarwar da kuskuren magani ke jawowa, ta ƙiyasta asarar da dala biliyan 42 duk shekara. Su kuɗi suka ƙirga. Yaron da ya kurumce a Agege ba ya cikin lissafin kowa.

Ban ce ku zama mala'iku ba, wanda bai taɓa kuskure ba bai taɓa aiki ba. Ku dai ji tsoron Allah, ku koma ga littafinku, ku rage sauri, don sauri ya kan haifi nawa. In kuskure ya faru a faɗa tun da sauran gyara, a daina goge kati ana sake rubutu. Masu asibitocin kuɗi da ke ɗauko yarinya daga gida su koya mata soka allura wata uku su ɗinka mata farar riga don arha, wannan kuma tsakaninsu da Mahaliccinsu.

A da, in za a raba magani, mutum biyu ke tura keken. Ɗaya ta karanta kati, ɗaya ta karanta kwalba, a kira majiyyaci da sunansa da na mahaifinsa, a tsaya har sai ya haɗiye. Makullin akwatin magunguna masu haɗari a jikin sista yake kwana, in an zo miƙa aiki sai an ƙirga kwalba ɗaya-ɗaya an sa hannu. Babu mai yi wa nas magana tana lissafin ɗigon ruwa. Leda mai mililita 500 a awa huɗu, ɗigo 42 a minti, da agogon ƙirji muke ƙirgawa. Yanzu sai a murɗa a kalla daga nesa a ce ya yi. Agogon ƙirjin ma na daina ganin sa.

Jiya Alhamis aka sallami Muhammad, ya fito yana neman a saya masa biskit. Na sake haɗuwa da yarinyar a baranda, tire a hannu, sirinji uku a kai. Na leƙa. Biyu an manna musu filasta da suna, ɗaya babu. Ta gan ni, ta ɗauke kai, ta shige ɗakin mata.