Koriyar hular da ta ja mini jaje a Chaina

Tun farko bari in faɗa, ni har gobe ban yarda laifina bane, shugabar makarantarmu ce da bakinta tace kowane malami baƙo ya zo da kayan ƙasarsu, bata ce banda kala kaza ba.

Ina koyar da Turanci ne a wata makarantar kuɗi ta ƙananan yara a Shi'an, babban birnin lardin Shaanxi, garin nan da manoma suna haƙa rijiya a 1974 suka ci karo da dubban sojojin yumɓu da aka binne wa sarkinsu na farko. Duk wanda na faɗa wa a gida ina Chaina sai yace Gwanzu ko? don Allah tambayo min kuɗin kwantena, ko ka duba min farashin sola. Jama'a tsakanina da Gwanzu kusan tafiyar wuni ce a jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, ni ba kwantena nake gani ba, yara ƴan shekara huɗu zuwa shida nake gani masu majina. Da can a wata cibiyar lesin nake ta yamma da ƙarshen mako, sai a watan Yulin 2021 gwamnati ta fito da dokar rage wa yara nauyin karatu, aka hana lesin kuɗi na darussan makaranta har da Turanci, cibiyoyi suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, malamai baƙi da yawa suka haɗa kayansu, ni kuma Allah ya rufa min asiri da wannan wajen. Aikin ba laifi, sai dai ni da harafin P da F tun a Kano ba ma jituwa, yanzu haka akwai yara aji guda a tsakiyar Chaina da in suka buɗe baki da Turanci zaka rantse a Fagge aka haife su, iyayensu kuma na ta tafi.

Kafin in zo kan hula ya kamata ku san irin haƙurin da nayi da mutanen nan. Satina na farko an tashi daga aji, wani ɗan mitsitsin yaro ya tako har gabana ya ware yatsu biyar ya danno min su a fuska yana murmushi. Daƙuwa fa, cikakkiya, babu ragi. Kafin in gama salati na biyu ya zo yayi, na uku ya zo yayi, layi suka ja wlh, iyayensu na tsaye a bakin ƙofa suna ɗaukar bidiyo. Ashe Baturen da ya riƙe ajin kafin ni ne ya saba musu da tafawa in an tashi. Na haɗiye. Na je kasuwa sayen lemo na nuna wa tsohuwa nace nawa, ita ma ta watso min biyar ɗin, wai yuan biyar take nufi, don su da hannu ɗaya suke ƙirga har goma, shida ma babban yatsa ne da ɗan ƙaraminsu kamar mai kwatanta waya. Tsohuwa sa'ar kakata ta yi min daƙuwa na biya ta kuɗi da WeChat, manhajarsu ta hira da biyan kuɗi a waya, na ce mata na gode. Ban kai ƙarar kowa ba, ban yi fushi ba, nace kowane gari da nasa. Toh ku riƙe wannan.

Ƙarshen watan Satumba ne, ana shirin hutun bikin ƙasarsu na 1 ga Oktoba, ranar da aka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, sai makaranta ta shirya ranar al'adu aka gayyaci iyaye. Ni kuma na ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama, 1 ga Oktoban nan dai ita ce tamu ta 1960, bari in fito musu da tutar Najeriya a jikina. Na ciro farar shaddata dake ƙasan akwati, na goge ta da kaina har da fesa sitaci, takalmi sau ciki kore-kore, sannan na ɗauko hular. Zanna ce aikin hannu, koriya shar, irin koren da ko daga ƙarshen layi ka hango shi sai ka juyo. Na kafa ta na ɗan karkato ta gefe, na kalli madubi nace yau Shi'an zata san an yi baƙo.

Kallo dai na saba dashi, baƙin mutum a garin da ba Gwanzu ba kullum cikin kallo yake, yara su nuna ka, tsofaffi su taɓa hannunka su duba yatsansu. Amma na ranar daban ne. A jirgin ƙarƙashin ƙasa wasu ƴan mata biyu suka kalle ni suka kalli juna suka toshe baki, kafaɗunsu na rawa. Wani magidanci ya ɗaga waya zai ɗauke ni hoto, matarsa ta doke masa hannu, ta ce masa wani abu, shima ya sunkuyar da kai yana ƙyaƙyatawa. Ni kuwa na ƙara gyara zama nace kwalliya ta biya kuɗin sabulu, har ɗaga musu hannu nake ina murmushi, wani tsoho ma tashi yayi ya bani kujera, abun da ba'a taɓa min ba.

Na iso ƙofar makaranta, Baba maigadi na zaune da gorar shayinsa ta gilas wadda ganye ya cika rabinta. Mutumina ne, kullum sai ya tambaye ni ko na ci abinci, don su gaisuwarsu kenan. Ranar bai tambaya ba. Ya kalli hular ya kalle ni, ya ajiye gorar a hankali, yace laoshi, wato malam, iyalinka suna ina ne? Nace suna gida Najeriya shifu, haka ake kiran irinsu don girmamawa. Yace an daɗe ba'a haɗu ba? Nace wlh an kwana biyu. Sai ya girgiza kai, ya zaro sigari ya miƙo min, ya san sarai bana sha, ya dafa kafaɗata ya ɗan matsa. Nace a raina Allah sarki tsoho, ya tausaya min kewar gida.

Aka fara taro. Malamar Rasha ta fito da kayansu aka tafa, ɗan Afirka ta Kudu ya fito aka tafa, aka kira ni. Ina hawa dandamali ɗakin yayi tsit na ɗan lokaci, sai wani uba can baya ya fashe da dariya irin wadda mutum ya daɗe yana dannewa, shikenan kamar jira ake, maza na dukan cinya, mata na ɓoye fuska a bayan waya, wata kaka har da share hawaye. Yaran kuwa basu san komai ba, tsalle kawai suke suna kiran laoshi laoshi. Ni da na ga jama'a sun ji daɗi sai na ƙara wuta, na cire hular na ɗaga ta sama na juya ta kowa ya gani, na yi bayani da ɗan guntun Sinancina cewa a garinmu duk cikakken magidanci baya fita sai da irin wannan, babana yana da su sun fi goma, ranar Juma'a in ka je masallaci zaka ga maza reras kowa da tasa. Mataimakiyata dake fassara wa iyaye abun da ya gagare ni, na ga ta tsaya cak, fuskarta tayi ja har kunne, ta ƙi fassara wannan. Nace mata fassara mana. Tace laoshi don Allah mu wuce wajen waƙa.

Sai da aka tashi ta ja ni ofis ta rufe ƙofa. Tayi ta kewaye-kewaye, su dama basa faɗin magana kai tsaye in zata kunyata mutum, daga ƙarshe dai ta fito da ita. A Chaina in aka ce namiji ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa na bin wani, shi kuma yana nan sototo. Ba sabon abu bane, tun zamanin daular Yuan lokacin da Mongol ke mulkinsu, shekara wajen 700 kenan, aka yi doka cewa mazan dake gidajen karuwai su dinga ɗaura koren ƙyalle a ka don a gane su, doka ta tafi, maganar ta zauna. Shi yasa namiji a nan zai sa koriyar riga, koren wando, koren takalmi, amma kai kam a'a.

Nace innalillahi. Sai kuma zuciya ta ɗebe ni nace to sojojinku fa? hular nan mai jan tauraro da ake sayar wa ƴan yawon buɗe ido a bakin ganuwa wace kala ce? Tace wannan daban. Nace daban ta ina? Tace daban dai. Kun ji fa.

Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi. Shugabar makaranta ta shigo da wasu malamai biyu, kowa na ƙoƙarin gyara fuska, tana ta bani haƙuri tana cewa ai kowa ya san kai baƙo ne baka sani ba, ba komai, hular ma tana da kyau sosai, aikin hannu ne ko? a ina ka saya? Ni kuma don in nuna musu abun nan mai daraja ne ba tarkace ba, na buɗe baki nace ba saya nayi ba, matata ce ta zaɓo min ita da kanta a kasuwar Kurmi, ana gobe zan taho ta bani, tace in dinga sawa ina tunawa da ita.

Yasin ban taɓa ganin mutum ya zauna a ƙasa don dariya ba sai ranar. Malamin motsa jiki, ƙato guda, ya sulale jikin bango. Shugaba ta juya tana kallon taga kafaɗarta na karkarwa. Mataimakiyata fita tayi da gudu, ina jiyo ta a baranda.

Wunin ranar jaje na karɓa. A ɗakin cin abinci ni dama tirena daban ne saboda naman alade, sai ga mai dafa abinci ta ƙaro min ƙwai biyu ba tare da na roƙa ba. Wata malama ta kawo min ruwan zafi a kofi tace in sha zai taimaka, don su babu abun da ruwan zafi baya magani, mura ruwan zafi, ciwon kai ruwan zafi, ashe har da matsalar aure. Kafin la'asar bidiyon ya gama zaga guruf ɗin iyaye na WeChat, wani uba ya turo min saƙo ta manhajar fassara, abun da ya fito shine ɗan'uwa ka daure, rayuwa doguwa ce.

Da yamma na tafi unguwar Musulmi in huce, can wajen babban masallacin Shi'an wanda aka ce asalinsa tun shekara ta 742, gini ne irin nasu mai lanƙwasasshen rufi, in ba'a faɗa maka ba bazaka ce masallaci bane. Hular tana cikin jaka, kaina a buɗe, babbar shadda ba hula kamar wanda aka kora daga ɗaurin aure. Na zauna a shagon wani ɗan ƙabilar Hui inda nake cin paomo, gurasa ce mai tauri ake baka da kwano ka gutsuttsura ta da hannunka ƙanana-ƙanana sannan su zuba mata romon rago, in ka yanka manya mai shagon ya harare ka. Ina gutsura ina kallon kawunan mutane, duk farar hula, fara, fara, fara. Shekara da shekaru ina zuwa wajen nan ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na ba mai shagon labari, ɗan'uwa Musulmi, nace ko shi zai goya min baya. Ya saurara har ƙarshe da natsuwa, ya shiga ciki, sai na jiyo shi yana maimaita wa masu wanke-wanke, kicin ya kaure.

Tsakaninmu da gida awa bakwai ne, don haka sai da dare na kira uwargida, lokacin su ana shirin la'asar. WhatsApp baya aiki a nan sai da dabara, tun kafin in taho na sa mata WeChat. Na kwashe komai na faɗa mata ina jiran ta tausaya min. Da farko dariya tayi har wayar ta faɗi, ina kallon silin. Da ta ɗauko wayar kuma fuska ta canza, tace tsaya Malam, wato ni suke zargi? Nace ba zargi bane ranki ya daɗe, al'ada ce kawai. Tace al'adar banza, ni da na taka har Kurmi cikin rana na tsaya ana ciniki, bani lambar shugabar taku. Nace bata jin Hausa. Tace zata ji. Da ƙyar na lallaɓa ta, amma ta kafa sharaɗi, hular nan ba za'a ajiye ta a akwati ba don wasu sun yi dariya, duk Juma'a in sa ta in turo mata hoto, in ba haka ba to na yarda da maganarsu kenan.

Toh yanzu haka ake yi. Duk Juma'a hular na cikin jakar kwamfuta, in an fita tara na lallaɓa matattakalar baya inda ba kowa, in kafa ta, in karkato, in yi murmushi in ɗauka in tura, in cusa ta jaka kafin wani ya leƙo. Na ɗauka asirina a rufe yake, na manta ƙasar nan ko lungun bola akwai kyamara, kuma allon kyamarorin makarantar gaba ɗaya a ɗakin Baba maigadi yake. Juma'ar da ta wuce ina fitowa ya tare ni, ya kamo hannuna da hannu biyu, yace laoshi na ga har yanzu abun bai wuce ba, akwai wata ƴar ƙanwar matata, bazawara ce, tana aiki a banki.