A auna ɗakin amarya kafin a je wurin kafinta

Iyayenmu mata, gwaggonni da yayye masu zuwa jere, da ku nake yau, kuma ku yi mini afuwa idan maganar ta yi nauyi. Da yawa daga cikin ƴan matan da ake kaiwa ɗakin miji a Kano da Zariya da Katsina ba gidan kansu ake kai su ba. Haya ce, ciki da falo, wata ma ɗaki ɗaya ne tak da tsakar gida na tarayya. Amma kayan da ake loda musu a mota na gida mai ɗaki uku ne. Bayan wata biyu a zo ganinta, a tarar da atamfa a kan kujera, gyale a saman ƙofa, hoda da jan baki a warwatse, sai a koma gefe ana cewa yarinyar nan ba ta iya gyaran ɗaki ba. Alhali tun ranar jere aka ɗaure mata hannu.

Mu yi lissafi a fili. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi babban ɗaki ne a gidan haya, da yawa ba su kai haka ba. Gado ƙafa 6 a 6, idan aka haɗa da allon kai da katakon ƙafa, tsawonsa ya doshi ƙafa 7. A kafa sif a bangon da ke fuskantarsa, zurfinta ƙafa 2. Abin da ya rage tsakanin gado da sif ƙafa 3 ne. A nan ƙofar sif za ta buɗe, a nan za a wuce, a nan za ta shimfiɗa sallaya. Ba a zo kan madubi da kujerarsa ba, ba a zo kan ƴan durowoyin gefen gado ba, ba a zo kan akwatunan lefe ba. Idan kuwa ɗakin ƙafa 10 ne, na ga inda ƙofar sif ba ta buɗewa gaba ɗaya, sai dai matar ta karkata jiki ta zura hannu ta lalubo abin da ya zo. Wadda take lalube a duhu ba za ta taɓa mayar da kaya inda ta ɗauko shi ba.

Mun san dalilin da ya sa ake haka. Jere ana yin sa ne don ƴan ganin ɗaki, don dangin miji su shigo su ce an yi ƙoƙari, an fita kunya. Ban raina wannan ba, uwa tana shekaru tana adashi saboda wannan rana. Sai dai ƴan ganin ɗaki yini ɗaya suke yi su watse, ita kuwa a nan za ta kwana ta tashi, ta yi laulayi, ta yi jego. Ya kamata ita ce za a fara tunawa.

Saboda haka kafin a ba kafinta kuɗin kafin alƙalami, wani ya ɗauki tef ya je ɗakin nan ya auna. Ya duba inda taga take, ta wane gefe ƙofa ke buɗewa, ina soket yake. Sannan a ce wa kafinta ya yi sif mai tsayi har kusa da silin maimakon mai faɗi, domin saman ɗaki fili ne da aka biya haya ba a mora ba. A sa mata ƙofa mai zugewa gefe, wadda ba ta cin wuri. A manna dogon madubi a jikinta, an huta da wani katako daban. Gadon kuma a yi shi da durowa a ƙasa, mai jawowa, zannuwan gado da bargo da labule na canji duk su shige can. Katakon da zai tafi wajen yin ƙaton allon kai mai kwalliya, shi ne zai yi wannan aikin.

Akwatunan lefe su ne suka fi cinye ɗaki, kuma su ne aka fi jin nauyin taɓawa. Saiti ake yin su don su shige cikin juna, amma sai a jera su tun daga ƙasa har sama a kusurwa, a lulluɓe da mayafi, kowanne cike. Duk ranar da ake neman leshi ɗaya sai an sauke huɗu. Babba ɗaya ya isa ga turamen da ba a ɗinka ba, wani ɗaya ga kayan biki masu nauyi, su hau saman sif. Sauran a zura su cikin juna, ko a mayar gidan iyaye idan akwai wuri. Ba raini ba ne ga miji ko danginsa.

Kayan sawa na yau da kullum kuwa, a nan nake so ƴan uwana mata su tsaya. Atamfa turmi ɗaya yadi 6 ne, daga ciki ake fitar da riga da zani ko siket da ɗankwali. Su ukun a ninke su wuri guda, ɗankwalin da rigar a cikin zanin, domin rabin hargitsin ɗaki neman ɗankwali ne ke jawo shi. Sannan kar a tula su ɗaya kan ɗaya, don na ƙasa ba zai fito ba sai tulin ya rushe. A jera su a tsaye a durowa kamar littattafai a kanta, bakin ninkin yana sama. Da kin jawo durowar kin ga kowane launi, kin zare wanda kike so, sauran suna nan daram. Leshi mai duwatsu ba ya son rataya, nauyinsa na ja masa kafaɗa. A juya shi bai-bai a ninke, don duwatsun kar su kama zaren wani. Abaya da dogayen riguna su ne masu haƙƙin hanga. Hijabin salla da gyalen fita kusa kuma bayan ƙofa ne wurinsu, a ƙugiyar da ake maƙalawa a saman ƙofa, wadda ba ta buƙatar ƙusa, tunda masu gidan haya da yawa ba sa son a huda musu bango.

A bar wa maigida gurbinsa shi ma. Ɗakin nasu ne su biyu, amma sau da yawa sai ka ga manyan rigunansa a jakar bakko a lungu, hulunansa a kan talabijin.

Sai gaban madubi. Mun saba jera komai a fili, man shafawa, turaruka, humra, hoda kala-kala, saboda yana da kyan gani. Yanayinmu bai yarda da haka ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko ta ina, ta kwanta a kan burushi da soson hoda, su kuma a fuska za su ƙare. A Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, jan baki ya yi laushi ya karye, turaren da rana ke duka ta taga ya canza ƙamshi. Abin da kike shafawa kullum bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Shi kaɗai zai zauna kusa, a cikin roba mai murfi, irin wadda ake samu da araha a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Na biki su koma durowa, nesa da taga. Ki kuma juya bayan kwalbar ki duba: akwai ɗan zanen gwangwani a buɗe da rubutu kamar 6M ko 12M ko 24M, watannin da abin zai yi ke nan bayan an buɗe shi. Maskara ma wata 3 zuwa 6 ne ƙarshenta, don ido ba ya ɗaukar wasa. Kayan kwalliyar lefe da suka shekara uku a buɗe ba ajiya ba ne, cuta ce ke jira.

Sarƙoƙin ado waɗanda ba na gwal ba, ba sa shiri da danshi da turare, shi ya sa suke dafewa tun kafin a more su. Kowane saiti, sarƙa da ɗan kunnenta da zobenta, a sa shi a ƴar leda mai zif shi kaɗai, ba za su harɗe ba, ba za su kankare juna ba. Ƙananan ƴan kunne na kullum, robar daskarar da ƙanƙara mai gida-gida ta ishe su. Gwal kuma ba gaban madubi ne wurinsa ba a gidan da ake shige da fice.

Akwai abubuwa biyu da ƙuncin ɗaki ke mayarwa haɗari. Na farko turaren wuta. Kar a tura kasko da garwashi cikin sif a rufe don kaya su kama ƙamshi, a fito da kabbasa fili, wato kwandon da ake kifawa a kan kasko a ɗora kaya, a tsaya a kai har a gama. Na biyu kafur ɗin da ake zubawa a akwati saboda kyankyasai da warin damina. Likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kansa, domin akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, kuma ba su da wuyar samu a Najeriya, musamman maza. Kafur na iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. A ɗaki ɗaya, kayan jariri da na uwa iska ɗaya suke shaƙa. Idan an ji warin danshi a Agusta, a fitar da kaya rana su sha iska, a ɗaure kanumfari a ƙyalle a jefa a durowa.

Duk da haka, babu dabarar ninki da za ta ceci ɗakin da anko ke shiga duk wata ba abin da ke fita. Na biki, na suna, na walima, a sa sau ɗaya a yi hoto a ajiye. Kafin ki karɓi sabo, buɗe sif ki fitar da wanda ya yi salla biyu ba ki waiwaye shi ba. Ki wanke shi, ki goge, ki haɗa shi da ɗankwalinsa, ki ba ƴar aikinki ko maƙwabciyar da kika san ba a yi mata ɗinki bana ba, tun yana da sauran kyansa.