Mai zuwa Natchez ya fara da kasuwar bayi

Duk mai niyyar zagaya tsofaffin gidajen Natchez, garin da ke bakin kogin Mississippi a kudancin ƙasar Amurka, shawarata kada ya fara da gidajen. Ya fara da Forks of the Road, kamar mil ɗaya gabas da tsakiyar gari, inda ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na kudu ta ci har zuwa 1863. Yau babu gini, sai allunan bayani da mari da sarƙoƙi da aka dasa cikin siminti a ƙasa. Minti ashirin ya isa, amma wanda ya tsaya nan da wani ido zai kalli ginshiƙan gidajen.

Daga nan sai gidan Longwood. Attajirin auduga Haller Nutt ya soma gina shi a 1860, mai kusurwa takwas da ƙubba a sama. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, magina 'yan jihohin arewacin ƙasar suka ajiye kayan aiki suka koma gida. Cikin ɗakuna 32 da aka tsara, tara na ƙasa kaɗai aka gama. Ka hau sama ka ga katako tsirara da bango ba yaɓe. Tubalin kuwa bayi ne suka buga shi a harabar.

Gidan Melrose na fi so mutum ya ba lokaci, domin ɗakunan bayi suna nan a bayan gidan. A ɗakin cin abinci akwai ƙaton mafici na katako rataye bisa tebur, wanda bawa ke jan igiyarsa yana kora ƙuda, masu gida suna cin abinci.

Kuskuren baƙi shi ne cusa gida biyar ko shida a yini ɗaya. Kowane gida yana cin kusan awa guda tare da mai rakiya, daga na huɗu kuma kujeru da madubai sai su rikice a ka. Uku sun isa. Watan Maris ko Afrilu ya fi, lokacin da ake buɗe har gidajen da mutane ke ciki, al'adar da ta soma a 1932. Zafi da gumin Yuli ba wasa ba ne.

Kuma ka tambayi mai rakiya labarin Abdurrahman Ibrahima, ɗan sarautar Fulanin Futa Jalo da ya yi shekara kusan 40 yana bauta a wata gonar kusa da garin. Sai a 1828 ya samu 'yanci, ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai gida ba.