Kafin a kai ga kuɗin NECO, ɗan ƙauye ya riga ya bar makaranta

Duk shekara gwamnatocinmu na alfahari da biya wa ɗalibai kuɗin NECO, a Kano ma sai yaro ya ci jarrabawar kwalifayin tukuna. Ba laifi ba ne. Sai dai wannan kuɗi na zuwa ne ga wanda ya kai ajin ƙarshe na sakandare, alhali ɗan manomi a ƙauyukan Gwiwa ko Sumaila tuni ya koma gona.

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Firamare kam ana samu kusa. Wahalar tana farawa ne ranar da aka gama aji shida, domin ƙaramar sakandare galibi tana garin hakimi ko hedikwatar mazaɓa. Ga kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, ga yunifom, ga littattafai, ga kuɗin PTA. Namiji a jira kaka, in an sayar da riɗi a saya masa tsohon keke. Mace kuwa, wane uba ne zai bar 'yar shekara goma sha biyu tana ratsa daji ita kaɗai? Sai tiren talla, aure ya biyo baya.

Wanda ya jure ma ba malami. Kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wanda rabinsa sai jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, yawancinsa gini yake tafiya, don gini ake gani a ƙaddamar. Malamin lissafin da aka tura ƙauye kuwa, kafin zango ya ƙare ya bi ta hannun wani babba an mayar da shi birni. Haka yaron zai tari JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yi, yana takara da ɗan ma'aikacin Dutse da ya sha lesin. Ɗaya ya zama likita, ɗaya ya tafi ci-rani Legas.

Gyaran ba ya buƙatar sabon fili. A ƙara aji uku a harabar firamaren da ke akwai. SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta ɗauki masu NCE 'yan mazaɓar, musamman mata, da alawus ɗin karkara da sharaɗin shekaru kafin canjin wurin aiki. In kuɗi bai isa duka ba, a fara da wannan, NECO ta jira.