Ga wadda ta ce littafina wa'azi ne

Saƙo ya iso, har da muryar da aka naɗa a guruf ɗin da ake zaton ba ni da kunne a ciki. Wai littafina na masu safarar ƙwaya wa'azi ne, wai babu zafi, wai na bar jarumina ya ruɓe a gidan yari maimakon in ba shi gida a Abuja da amarya. Na ji. Suna dai ban kira ba, mai kaza a aljihu ce ba ta jimirin as.

Baiwar Allah, a garin Gusau kike kwana kike tashi, ruwan da muke sha shi kike sha. Amma kika ɗauki biro kika ƙera mana dilan ƙwaya mai farar shadda da ƙamshin turare, yaransa na rantsuwa za su mutu a kansa, shi kuma yana zubar da hawaye duk ranar da aka kama ɗaya a cikinsu. Kowane shafi amana, kowane babi amana. A wace unguwa kika gan shi? Faɗa mana mu je mu gani.

Ko kayan sana'ar ba ki sani ba. Kin cika littafi da hodar ibilis da jiragen ruwa, alhali abin da ke cin yaranmu tiramol ne da ekzol da wiwi da kodin da sholisho. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake miƙawa a ɓoye kuwa 225 aka buga a jikin katinsa, ɗan kabu-kabu ya kora shi da shayi da sassafe don kada ya ji gajiya, wata rana a tsince shi a gefen titi yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Maganin tari mai kodin tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi, bayan binciken BBC, amma ba a daina ganin kwalabensa a kwata ba. Ƙididdigar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta shekarar 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 ke shaye-shaye a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Mace, 'yar'uwa. Sa'ar yaran da ke turo miki kuɗin littafi suna jiran sabon shafi da tsakar dare.

Bari in gaya miki yadda amanar take, tunda ni na zauna da uwar da abin ya faɗa wa. 'Yan NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka tare ɗanta a hanyar Funtuwa da kaya a ƙasan buhu. Kafin magariba wayar ogan da ya aike shi a kashe take, kuma har yau bai aiko da ko sisi ba. Abokan da ke kiran yaron ɗan'uwa suka daina bi ta ƙofar gidan. Ita ta sayar da keken ɗinkinta da tunkiyar da take kiwo, ita ta dinga zarya a Babbar Kotun Tarayya, don can ake kai shari'ar ƙwaya, ba gaban alƙalin da ke sakin jaruminki cikin layi biyu ba. Ranar ziyara takan ƙulle kwanon tuwo a tsohon ɗankwali, ta tsaya a layi cikin rana, ta rufe rabin fuskarta da mayafi kada wani ɗan unguwa ya gane ta. Wannan matar na rubuta. In ita ce wa'azin, wallahi na karɓa.

Kuma kin san inda ragowar kayan ke tafiya. Daji suke shiga, wurin masu ƙona mana ƙauyuka. Duk muna nan a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, don a toshe hanyar masu kai musu kaya. Mai kai ƙwaya yana cikinsu. Shi kike naɗa wa rawani a jihar da zawarawa da marayu suka cika gari.

Ni ma labarin masu laifi nake rubutawa, ban ce haramun ne ba. Yaron da ke cikin nawa yana da buri, yana son ya fitar da uwarsa daga gidan haya, kuma na bar mai karatu ya so shi har ya ji tsoron abin da zai same shi. Abin da na ƙi shi ne in yi wa 'ya'yan mutane ƙarya don guruf ya cika.

In kina da gaskiya, ki shiga mota ki je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ko ki zo bakin kotu ranar zama. Iyaye mata na nan a kan benci. Ki buɗe wayarki ki karanta musu babin da ogan ke kuka saboda yaronsa, da ƙarfi, kina kallon idonsu.