Littafin zane ba na ado ba ne

Ɗalibai da yawa masu koyon zane suna ɗauka cewa kowane shafi a littafinsu sai ya fito tsaf. Shi ya sa idan aka ce su fita titi su zana abin da suka gani, sai su ɗauki hoto da waya, su koma ɗaki su kwafa a tsanake.

Ba haka abin yake ba. Littafin wurin horar da ido ne. Mai wucewa ba zai tsaya maka ba. Da ƙyar ka samu daƙiƙa 30. A cikinsu za ka kama yadda kafaɗa ta karkata saboda kaya, da ƙafar da nauyin jiki ya sauka a kanta. Fuska kuwa ta jira tukuna. Hoton waya ya riga ya daskarar da motsin, ya zaɓa maka abin da za ka gani.

Leonardo da Vinci ma ya shawarci masu zane su riƙa yawo da ɗan ƙaramin littafi, suna zana mutane da 'yan layuka. Shafin da ya karkace, kada ka yage shi. Sa kwanan wata a gefe, ka buɗe na gaba.