Wa ya faɗa maka? Tambayar da babu ita a ajin tarihi

Tsayar da ɗan lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi ka tambaye shi shekarar juyin juya halin Faransa, zai ce 1789 kafin ka rufe baki. Tambaye shi me ya sa ake ce wa sarkin garinsu Sarkin Katsina, alhali Katsina na can ƙetaren iyaka, sai ya hau sosa ƙeya. Laifin namu ne. Hadda muka ɗora masa don ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, muka bar tambayar da mai tarihi ke farawa da ita: wa ya faɗa, a ina ya ji, me yake so a yarda da shi?

Kayan aikin kuwa na nan a ƙofar gida. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta ta yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi rinjaye, Sarkin Gobir Ali da Sarki Rauda na Maraɗi suka kwanta dama. Ga marubutan Sakkwato, an murƙushe masu tawaye ne. A bakin fadawan Maraɗi da na Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, kuwa, mutane ne da aka kora daga gidan ubansu suna neman komawa. Sai ga Barth, matafiyi Bajamushe, ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851 yana rubuta abin da aka gaya masa, daga baya jami'an Faransa suka rubuta nasu ta bakin tafinta, shi ma tafintan da ubangidansa. A ajiye wa ɗalibi waɗannan a gabansa, a ce ya nuna inda suka haɗu da inda suka raba hanya, da dalili.

Na san wasu malamai za su ce wannan zai koya wa yara raina manya. Ban yarda ba. Makaɗin fada da ya ce sarki ya kori dubu shi kaɗai aikinsa yake yi, kuma yaron da ya gane aikin kirari zai fi sauraronsa da kyau, ya tsinci sunan gari ko na dakare a ciki.

Idan Gawakuke ta yi nisa, a fara da ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon gari a fadama aka hauro da mutane tudu. A tura kowane ɗalibi da wayarsa gun tsoho ko tsohuwar unguwarsu: "Kaka, ina gidanku yake kafin ruwa?" A dawo aji a jera amsoshin. Za a ji wata ta ce da dare ruwan ya zo, wani ya rantse da asuba ne, sai gardama ta kaure, malam ya tambaya wa ya gani da ido, wa aka ba labari. Wanda yake ɗan shekara goma a wancan ruwa yau ya kai casa'in, don haka aikin na wannan zangon karatu ne.